Laftof na ɗaukar zafi da zarar an soka wani abu a ramin USB

Ɗan Kofar Marusa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin masana. Laftof ce mai Core i5-8250U, RAM 8GB, Windows 10. In babu komai a jikinta shiru take, fankar ma ba a jin ta. Amma da an soka filash, ko an haɗa waya da kebul, ko had-disk na waje, ba a minti biyu fanka ta fara kuka, gefen hagu ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya, aiki ya koma tafiyar hawainiya. In an zare, bayan ɗan lokaci ta huce. USB ɗin ne ke jan wuta daga furosesa, ko furosesar ce ta kusa mutuwa?

Oga Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, furosesa ba ta cika mutuwa haka nan ba. Yaushe rabon da a buɗe ta a share? Ƙurar hunturun Katsina ba ta barin laftof. Tana taruwa tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke fita ta ciki, har ta zama kamar ɗan bargo. Ga shi mun shiga bazara, da rana zafin gari na haura digiri 40. Injin da ke shaƙar iska mai digiri 40 ta hanci toshe, ɗan aiki kaɗan ya ishe shi. A share, a canza man furosesa, wanda ake shafawa tsakaninta da ƙarfen da ke kwashe zafinta, magana ta ƙare.

Injiniya: Oga, Allah ya ƙara girma, shara za a yi, amma kar a fara da ita. In ƙura ce kaɗai, me ya sa sai an soka USB zafin ke tashi? Ruwa ba ya tsami banza.

Ɗan Kofar Marusa, bari a fara gyara tunanin farko. Wutar ramin USB ba ta bi ta furosesa ko kaɗan. Caja na kawo volt 19 ko 19.5. A kan bod, babban allon da kayan cikin laftof ke kai, akwai sashen da ke sauke ta zuwa volt 5 da 3.3, daga nan ramukan USB ke sha. Furosesa da nata sashen daban, mai ba ta abin da bai fi volt 1 da ɗan wani abu ba. Kuma abin da USB ke ja ba yawa: USB 2.0 iyakarsa miliamp 500, wato wat 2.5. USB 3.0, wanda galibi harshensa shuɗi ne, miliamp 900, wat 4.5. Ramin da aka yi wa alamar walƙiya don cajin waya kan kai amp 1.5, wat 7.5. Kuma yawancin wannan wutar a jikin abin da ka soka take zama zafi, ba a cikin laftof ba.

To in furosesa ta yi zafi bayan an soka abu, ɗaya cikin uku ne. Ko abin ya jawo wata manhaja ta tashi tana aiki, ko na'urar da direbanta (manhajar da Windows ke magana da na'urar ta hanyarta) suna ta buga wa furosesa ƙofa ba su barin ta ta huta, ko kuma akwai matsalar wuta a ramin kansa, zafin daga bod yake ba daga furosesa ba. Hannu ba zai bambance maka su ba, musamman da yake laftof da yawa ta hagu suke fitar da iska, don haka zafin gefen hagu ba hujja ba ne. Sai an auna.

Sauke HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da wutar kayan cikin injin, ka buɗe shi a Sensors-only. Abu biyu za ka sa wa ido: CPU Package na zafi, da CPU Package Power na wat. Buɗe Task Manager a gefe, ka danna kan layin CPU, wato furosesa, don mai cin mafi yawa ya hau sama. Bar injin minti 10 ba komai a jikinsa, ka rubuta lambobin. Sannan ka soka abu ɗaya tak, ka jira minti 5, ka rubuta. Zare, jira ta huce, gwada na gaba. Kowane abu ka gwada shi a ramin hagu da na dama. In wat ɗin furosesa ya tashi tare da zafi, aiki aka ba ta. In wat bai motsa ba amma jikin injin na zafi kusa da ramin, wannan maganar mitar awon wuta ce.

Malama, Daura: Injiniya ya faɗi tsarin. Ga sunayen da za ka iya gani sun hau sama, don kar ka rikice.

Antimalware Service Executable shi ne Defender, maganin bairos na Windows, yana duba duk fayil ɗin da aka taɓa ko aka kwafa. In filash ɗin cike yake da ƙananan fayiloli, zai ci CPU na ɗan lokaci ya sauka da kansa. Wannan ba ciwo ba ne. In an sa wani maganin bairos daban, da yawansu kan bi filash gaba ɗaya da zarar an soka, in kuma guda biyu ne a injin ɗaya, kowane zai bi, har su riƙa bin juna. Cire ɗaya.

COM Surrogate ko Windows Explorer: ƙananan hotunan da ke nuna abin da ke cikin bidiyo da hoto suke haɗawa. Fayil ɗin bidiyo ɗaya da ya lalace kan sa su maƙale suna ta juyawa. A File Explorer Options, shafin View, sa alama a Always show icons, never thumbnails, ka ga ko ya sauka.

Windows Driver Foundation yakan fito in an haɗa waya don kwafar fayil. In ya daɗe a sama, canza kebul tukuna kafin ka zargi wayar.

Microsoft Windows Based Script Host, wato wscript.exe: in ka ga wannan ba kai ka kunna wani abu ba, kusan ko yaushe bairos ɗin filash ne.

System interrupts kuma ba manhaja ba ce, ba za ka iya rufe ta ba. Lissafin lokacin da furosesa ke ɓatawa ne wurin amsa kiran na'urori. A inji mai lafiya ba ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100. In ya tsaya sama da 10, na'ura ce, ko kebul, ko rami, ko direba.

Ɗan Kusugu: Ni dai gajeriyar hanya na sani. Power Options, Change advanced power settings, Processor power management, Maximum processor state, a mai da shi 99 maimakon 100. Nan take zafi ke sauka. A ƙara da faifan sanyaya mai fanka a ƙasa. Sannan a kashe USB selective suspend, haka ake ta ba da shawara.

Injiniya: Malam Ɗan Kusugu, 99 ɗin na aiki, amma ka faɗa masa abin da zai biya. Turbo yake kashewa. Wannan furosesar tana iya hawa 3.4 GHz, da 99 za ta tsaya a 1.6. Zafi ya sauka domin an ɗaure mata ƙafa, abin da ke cin CPU kuma yana nan yana ci. Dabara ce ta wucin gadi, kafin a samu lokacin gyara, ko ranar da ake aiki a ɗaki mai kwano ba fanka.

Na selective suspend kuwa ban yarda ba sam. Aikinsa shi ne ya bar na'urar USB da ba a amfani da ita ta yi barci. In na'urar ba ta yi barci ba, mai kula da USB ɗin ma ba ya barci, furosesa kuma ba ta samun sauka cikin matakan hutu masu zurfi, waɗanda HWiNFO ke nunawa da C6, C7, C8. A irin waɗannan furosesoshin masu U a ƙarshen suna, guntun da ke kula da USB a kan faranti ɗaya yake da furosesa, maƙwabta ne na kusa. Shi ya sa wani lokaci za ka ga Task Manager na nuna kashi 3 kawai, amma wat ɗin da ya kamata ya sauka kusa da 1 ko 2 ya ƙi sauka. Shawarar kashe shi ta masu linzami ko na'urar sauti ce da ke yawan yankewa. Mai fama da zafi ya bar shi a Enabled.

Akwai hanyar gano wace na'ura ce ke ƙin barci. Buɗe Command Prompt da Run as administrator, ka rubuta powercfg /energy. Zai saurari injin daƙiƙa 60, ya rubuta fayil mai suna energy-report.html, ya nuna maka inda ya ajiye. A ciki ka nemi USB Suspend.

Oga Mai Gyara: Faifan sanyayar ma ai daga USB yake shan wuta, a ramin da ake zargi. Kuma iskar da yake hurawa, in hanyar ciki a toshe take, bayan murfi kawai take sanyayawa. Ɗaga bayan injin da yatsa biyu a kan tebur ya kusa yin abin da faifan ke yi, kyauta. Babban abu dai kar a ɗora ta a katifa ko filo ko darduma.

Ɗan Kofar Marusa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da ya fito. Ba komai a jiki: digiri 59, wat kusan 2. Da filash: Defender ya hau kashi 30 ya sauka, amma Script Host ɗin da Malama ta ambata ya fito ya tsaya a wajen 25, zafi 88. Fayilolin filash ɗin duk suna da 'yar kibiya a jikinsu. Had-disk a dama: zafi 66, lafiya lau. Had-disk a hagu: System interrupts 19, zafi 95, kuma ana jin ƙarar haɗawa da cirewa ta Windows jefi-jefi. Waya ba ta nuna komai ba sai a hagu.

Malama, Daura: To gani ya kori ji. Ba cuta ɗaya ba ce, uku ce suka haɗu. Bari in ɗauki ta filash.

'Yar kibiyar nan ita ce shaidar. Bairos ɗin ya ɓoye fayilolinka na gaskiya, ya ajiye masu kama da su. Duk lokacin da ka danna ɗaya, fayil ɗinka zai buɗe don kar ka farga, shi kuma ya kunna kansa. Galibi daga kwamfutocin da kowa ke soka wa filash ake kwaso shi, wuraren buga takardu da makamantansu. Tunda ka riga ka danna, yana cikin laftof ɗin yanzu, ba a filash kaɗai ba. Wasu irinsa har haƙar kuɗin intanet suke yi da furosesar mutum, shi ya sa zafin ke ƙin sauka.

Bi da bi za ka yi. Zare filash. A Task Manager, danna dama a kan Script Host, End task. Shiga shafin Startup ka kashe duk abin da ba ka gane ba. Danna maɓallin Windows da R, rubuta shell:startup, duk fayil mai ƙarewa da .vbs ko .js da ka gani a nan goge shi. Sannan Windows Security, Virus and threat protection, Scan options, Microsoft Defender Offline scan. Injin zai mutu ya tashi ya yi bincike kamar minti 15 kafin Windows ta hau, lokacin bairos bai farka ba balle ya ɓuya. Caja na jiki.

Sai bayan nan ka mai da filash, kar ka danna komai a ciki. In harafinsa E ne, a Command Prompt rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* don fayilolin ɓoye su fito. Kwashe naka, ka goge filash ɗin gaba ɗaya da Format. Mutane da yawa attrib ɗin kawai suke yi su ce sun gama, an kashe maciji ba a sare kai ba, washegari kibiyoyi su dawo.

Ɗan Kusugu: Malama, ba sai a kashe Defender ɗin ba tunda shi ma yana ci?

Malama, Daura: A'a Malam. Shi ya ci ya sauka, ɗayan ne ya ci ya zauna.

Injiniya: Saura ramin hagu. Had-disk ɗaya, kebul ɗaya, dama lafiya, hagu rikici. Wannan ya wanke disk ɗin da kebul ɗin, ya kusa wanke direba ma, tunda direba ɗaya ke kula da duka ramukan. Ƙarar haɗawa da cirewar nan na nufin layin na yankewa yana dawowa, kowane dawowa sai Windows ta sake tambayar na'urar ko wace ce, ta sake ɗora ta. Abu biyu ke kawo haka: ƙafafun saƙo ba sa taɓawa sosai, ko volt 5 na faɗuwa.

Gwaji mai sauƙi tukuna. Ramin USB 3.0 ƙafafu 9 ne da shi: 5 na gudu a bakin harshen, 4 na asali a bayansu. Samo kebul ɗin ƙari na USB 2.0, irin mai arha, ka sa shi tsakanin disk da ramin. Ba shi da layukan nan 5, dole haɗin ya koma 2.0. In System interrupts ya faɗi, ƙafafun gudun ne suka lanƙwashe, ko suka yi datti, ko dalmarsu ta tsage a bod. In bai faɗi ba, ko disk ɗin ya fara ƙas-ƙas yana kasa tashi, wuta ce. Had-disk mai inci 2.5 yakan ja kusan amp 1 a lokacin da yake fara juyawa, rami mai rauni ba ya ɗauka.

Awon wuta: in akwai 'yar mitar USB da ake sokawa tsakani, ita ta fi sauƙi, tana nuna volt da amp tare. Ya kamata volt ya zauna tsakanin 4.75 da 5.25 ko da disk na aiki. In babu, a yanke tsohon kebul, ja shi ne volt 5, baƙi shi ne ƙasa, fari da kore na saƙo ne, a naɗe su da tef kar su taɓa komai. Kar a zura tsinken mita kai tsaye cikin rami injin na kunne, kuskure kaɗan ka haɗa ja da baƙi.

Ko da na ce direba ya kusa wankuwa, ba asara in an sabunta: Device Manager, Universal Serial Bus controllers, danna dama a kan eXtensible Host Controller, Uninstall device, a sake kunna injin, Windows za ta mayar da kanta. Linzamin USB zai tsaya kafin nan, a yi amfani da na jikin injin. Direban chipset daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin za a ɗauko, ba daga manhajojin nan masu cewa za su sabunta komai da dannawa ɗaya ba. BIOS kuwa kar a taɓa shi sai batir cike da wuta tsayayya.

Oga Mai Gyara: Madalla, Injiniya. Yanzu a dawo kan maganata, don lambobin sun goyi bayana. Digiri 59 a wat 2 ya yi yawa, ko a bazara. Kuma 95 saura 5 ta kai 100, inda wannan furosesar ke rage gudu da kanta don kar ta ƙone. Tafiyar hawainiyar da ya ce ke nan. Injin da ke da hanyar iska a buɗe ba zai kai 95 don aikin kashi 19 ba.

Ƙanena, in za ka yi da kanka, ga yadda ake yi. Kashe injin gaba ɗaya, zare caja, buɗe murfin ƙasa. Kafin ka taɓa komai, zare soket ɗin batir daga bod, ka danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 15. Kwance fanka ka ɗaga ta, a bakin haƙoran ƙarfen za ka ga bargon ƙurar, cire da burushi mai laushi. In za ka hura da bulowa, riƙe fankar da yatsa kar ta juya, kuma daga ciki zuwa waje ake hurawa. Masu hurawa ta waje ba tare da buɗewa ba, ƙurar suke tura wa fanka.

Sukurorin da ke danne jan ƙarfen a kan furosesa suna da lamba, 1 zuwa 4 galibi. Kwance su kaɗan-kaɗan, ka ɗan murza ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga, kar ka finciko, kar bututun da ke kai zafi wurin fanka ya lanƙwashe. Tsohon man in ya bushe zai yi kamar busasshiyar laka. Goge shi da sifirit na isopropyl da ƙyalle mara gashi, duka fuska biyu. Ban da fetur, ban da wuƙa, ban da man goge baki da wasu ke sawa. Sabon mai kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Irin su Arctic MX-4 wutar lantarki ba ta bi ta cikinsu, ko ya ɗan zubo gefe ba matsala. Za ka ga gilasai biyu a kan farantin, babba da ƙarami. In ka tarar ƙaramin ba mai a kansa kuma ƙarfen ba ya taɓa shi, haka aka yi shi, bar shi. Inda ka ga ɗan soso mai laushi, mai da shi wurinsa, mai ba ya maye gurbinsa. Ɗaure sukurori bisa lambarsu, zagaye biyu, ba ɗaya har ƙarshe ba.

Bayan ka kunna, gwada bututun. In kan da ke wurin furosesa ya yi zafi, kan da ke wurin fanka na sanyi, kuma iskar da ke fita ba ɗumi, ruwan cikin bututun ya tsere, sai sabo.

Tunda a buɗe take, haska ramin hagu da tocila. Duba harshen roba ko ya tsage, da ƙafafu ko wata ta kwanta ta taɓa bango. Batir a zare, sa mita a kan ƙara tsakanin ƙafar farko da ta huɗu. Ƙara ɗan guntu ya yi shiru ba komai, kafasita ce ke cika. In ya ci gaba ba tsayawa, wuta ta haɗe. Bayan ramin akwai ɗan ƙaramin IC mai yanke wuta in an ja fiye da kima. In ana zarginsa, a ɗiga masa sifirit a kunna, wurin da ya riga bushewa shi ke zafi.

Hajiya Mai Shago: Sannunku da ƙoƙari. Tambaya a gefe: na'urar da ke haɗa laftof da talabijin ta USB, ita ma haka take sa zafi. Bairos ne?

Injiniya: Ranki ya daɗe, ba lallai ba. In irin wadda sai an sa mata direba ce, kamar masu DisplayLink, furosesa ce ke matse hoton allo ta tura ta USB, ko yaushe tana aiki, bidiyo ya fi wahalar da ita. Halinta ne. In injin na da ramin HDMI, a koma can. In kuma ta USB-C ake yin caji, a tuna da an sa caja Windows kan saki furosesa ta ƙara gudu, ga zafin cajin batir. A jawo ma'aunin da ke jikin alamar batir baya daga Best performance.

Ɗan Kofar Marusa: An yi duka. Binciken Offline ya kama abu biyu, Script Host bai sake fitowa ba. An share, an canza mai: ba komai a jiki 47, kwafar fayil daga had-disk a dama 63. A hagu da kebul ɗin 2.0, interrupts 1, ba yankewa. Ba kebul ɗin, ya koma 17. Mita ba ta yi ƙara mai tsayi ba, volt 5.05.

Oga Mai Gyara: To wuta lafiya, ƙafafun gudun ne. Duba ko ramin a kan ɗan ƙaramin bod yake daban, mai haɗe da babban da siririn kebul mai faɗi. In haka ne, ɗaga maƙullin, zare kebul ɗin, goge bakinsa da sifirit, ka mayar ya zauna daidai, sau da yawa nan ne. In bai yi ba, kwafi lambar da ke jikin ƙaramin bod ɗin a nemo irinsa, sukuru biyu ne. In kuwa a jikin babban bod aka yi masa dalma, kar ka sa masa ayan ɗin dalma na gida, aikin mai injin iska mai zafi ne. Kafin nan hagu ta zama ta linzami da kibod, su ba ruwansu da ƙafafun nan 5, had-disk kuma ya zauna a dama.